Kansar Hanta da Zaizayewar Tsoka: Iyakar Abin da Gwajin Jini Zai Iya Faɗa

Mutum biyu za su iya zuwa asibiti da ƙari iri ɗaya a hanta, girma ɗaya, gurbi ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya, amma ɗaya ya miƙe cikin 'yan makonni, ɗayan kuwa jiki ya ƙi. Likitocin hanta sun daɗe suna ganin haka. Sau da yawa bambancin ba daga ƙarin yake ba, daga jikin da ke ɗauke da shi ne: me ya rage na tsoka, kuma yaya ƙarfin kumburin da ke ci a ɓoye. Shi ya sa masu bincike suka duƙufa kan tambaya guda: shin gwajin jini na yau da kullum, wanda ake yi wa kusan kowane majinyaci, zai iya nuna wanda tsokarsa ke zaizayewa da wanda cutarsa ta yi nisa?

Yana nunawa, amma a dunƙule. Lamba ɗaya ce ke ɗauke da labarin abubuwa uku, wato ƙarin da hantar da tsokar, kuma ba ta rarrabe su. Wanda ya karanta ta ba tare da sanin haka ba zai iya firgita a banza, ko kuma ya saki jiki a inda bai kamata ba.

Ƙididdigar cibiyar binciken kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 mutum sama da 900,000 ne aka gano suna da kansar hanta, kimanin 830,000 kuma suka mutu ta dalilinta, abin da ya sa ta zama ta uku cikin kansar da ta fi kisa. Kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na kansar da ke farawa daga hanta nau'in da ke tsirowa daga ƙwayoyin hantar kansu ne, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da HCC. Manyan musabbabanta sanannu ne: ciwon hanta nau'in B da na C, giya, tarin kitse a hanta, da gubar aflatoksin da wani fumfuna ke bari a hatsin da aka adana da laima. Abin lura shi ne galibin wannan kansa tana tsirowa ne a kan hantar da ta riga ta taurare da tabo, wato sirosis. Ke nan majinyacin yana fama da cuta biyu a gaɓa ɗaya, kuma kowacce tana cin tsoka ta hanyarta.

Yadda hanta mara lafiya ke cinye tsoka

Zaizayewar tsoka, wadda wani likitan Amurka mai suna Irwin Rosenberg ya raɗa wa suna sarkofiniya a 1989, ba ita ce rama da kowa ya sani ba. Mutum zai iya zama da ƙiba, ga tumbi ga kitse, amma tsokarsa ta kusa ƙarewa. A mai ciwon hanta abin ya fi ruɗi, domin ruwan da ke taruwa a ciki da ƙafafu yana iya kai kilo da yawa. Sikeli zai ce nauyi bai ragu ba, alhali cinya da kafaɗa sun zube.

Aiki na farko da taurarriyar hanta ke gazawa a kai shi ne ajiyar sukari. Lafiyayyar hanta tana tara sukari da rana ta riƙa sakinsa da dare. Idan ma'ajiyar ta ƙanƙance, jiki kan koma ya warware furotin ɗin tsoka ya mayar da shi sukari. An auna cewa kwana ɗaya ba ci a wurin mai sirosis, daga abincin dare zuwa karin kumallo kawai, yana jefa jikinsa cikin yanayin da lafiyayye ba ya kaiwa sai ya yi kwana biyu zuwa uku da yunwa. Kowane dare yana cire wani abu daga tsoka.

Sai amoniya. Hanta ce ke mayar da ita sinadarin da ƙoda za ta fitar a fitsari. Idan ta gaza, tsoka ce ke karɓar aikin, tana ƙona wasu daga cikin tubalan furotin da ya kamata ta gina kanta da su. Amoniyar kuma tana tayar da miyostatin, wani sinadari da aka gano a Jami'ar Johns Hopkins a 1997, wanda aikinsa shi ne taka wa girman tsoka birki. Binciken Srinivasan Dasarathy da abokan aikinsa a Amurka ne ya fito da wannan alaƙa sarai. Daga nan sai abu ya zama zagaye: tsoka ta ragu, mai share amoniya ya ragu, amoniya ta ƙaru, tsoka ta ƙara raguwa, ruɗewar ƙwaƙwalwa irin ta masu ciwon hanta ta ƙara samun ƙofa. A ƙara da cewa hanta ce ke samar da mafi yawan IGF-1, sinadarin da ke umartar tsoka ta ginu, sannan maza masu sirosis kan yi ƙarancin sinadarin mazakuta. Ga rashin son abinci, ga ruwan ciki da ke matse tumbi har mutum ya ƙoshi da loma kaɗan.

A kan duk wannan ne kumburi ke hawa. Kumburin da ake nufi a nan ba wanda ido ke gani ba ne. Garkuwar jiki ce ke zama cikin shirin yaƙi dare da rana, tana sakin sinadaran aike cikin jini ba ƙaƙƙautawa. A mai sirosis, bangon hanji kan yi rauni, gutsattsarin ƙwayoyin cuta su riƙa tsallakawa zuwa hanta suna tsokanar masu gadinta. Ƙarin kansar ma yana sakin nasa. Biyu daga cikin sinadaran sun fi shahara: IL-6 da TNF. Na biyun ma, a binciken Bruce Beutler da Anthony Cerami na 1985, an gano cewa shi ne sinadarin da ke ramar da dabbobi masu ciwo. Idan waɗannan suka isa ƙwayar tsoka, sukan kunna injin da ke yi wa furotin lamba ya kai shi wurin niƙa, su kuma rage ƙera sabo. Shi ya sa ciyarwa kaɗai ba ta cika mayar da tsokar mai kansa yadda take mayar da ta mai yunwa ba. Mai yunwa kayan gini ya rasa. Wannan kuwa ana rushewa ne fiye da yadda ake ginawa.

Alaƙar kumburi da kansa tsohuwar magana ce. Tun 1863 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari. Kansar hanta ce ma kusan misali mafi bayyana, tunda shekara da shekaru na kumburin hanta ne ke haifar da ita.

Lambobin da ake dubawa

Auna IL-6 ko TNF kai tsaye yana da tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, kuma matakinsu na hawa da sauka cikin awanni. Don haka aka koma ga sawunsu.

Sawu na farko shi ne CRP, furotin da aka gano a 1930 a jinin masu ciwon huhu. Hanta ce ke ƙera shi bisa umarnin IL-6. Yana fara hawa cikin awanni, yana kuma sauka da sauri, domin rabinsa na gushewa daga jini cikin kimanin awa 19. Albumin kishiyarsa ne: idan kumburi ya tashi, hanta kan rage ƙera shi, wani kuma ya tsiyaye daga jijiyoyi, sai ya faɗi. Amma shi yana da nawa, rabinsa kan ɗauki kimanin mako uku kafin ya gushe. Masu bincike a birnin Gilasgo, ƙarƙashin Donald McMillan, sun haɗa biyun a farkon shekarun 2000 suka samar da ma'auni mai sauƙi: CRP sama da miligiram 10 a lita, albumin ƙasa da giram 35 a lita. A sigar da aka gyara daga baya, mai hawan CRP kaɗai yana da maki 1, mai duka biyun maki 2, amma mai ƙarancin albumin ba tare da hawan CRP ba sifiri ne. Wannan gyaran yana da hikima, kuma za mu ga amfaninsa a hanta.

Sawu na biyu ya fi kowanne arha, domin yana cikin ƙirgen ƙwayoyin jini da ake yi kullum. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Nutrofil su ne 'yan gaba, masu rugawa duk inda aka ji rauni ko cuta, kuma a cikin ƙari suna iya sakin sinadaran da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini don ciyar da shi. Limfosayit kuwa daga cikinsu ake samun masu farautar ƙwayoyin kansa. Idan aka raba adadin na farko da na biyu, sai a sami abin da ake kira NLR. Mai nutrofil 6,000 da limfosayit 1,000 yana da 6. Mai nutrofil 3,600 da limfosayit 1,800 yana da 2. A lafiyayyun manya lambar kan tsaya tsakanin 1 da 3 ko ɗan sama da haka. Hawanta na nufin ɓangaren da ke rura wuta ya rinjayi ɓangaren da ke yaƙar ƙari.

Shaidar da ke bayan NLR ba ƙarama ba ce. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike 100 kan majinyata sama da 40,000 masu kansa iri-iri ya samu cewa masu babbar lamba haɗarin mutuwarsu ya kai kusan ninki 1.8. A hanta, wani bincike na Amurka a 2009 ya nuna cewa waɗanda NLR ɗinsu ya kai 5 kafin dashen hanta kansar ta fi dawo musu. A 2017 kuma Jordi Bruix da abokansa suka sake duba bayanan manyan gwaje-gwaje biyu na sorafenib, wani maganin kansar hanta, suka ga cewa babban NLR na tafiya da gajeren rai, masu ƙaramar lamba kuma sun fi cin moriyar maganin.

Daga nan aka yi ta haɗe-haɗe. Akwai PLR, da ke raba ƙwayoyin daskarar da jini da limfosayit. Akwai SII, wanda likitocin asibitin Zhongshan da ke Shanghai suka ƙirƙira a 2014 a kan masu kansar hanta da aka yi wa tiyata: a ninka ƙwayoyin daskarar da jini da nutrofil, a raba da limfosayit, suka sa iyaka a 330. Akwai PNI na Japan tun 1984, mai haɗa albumin da limfosayit. Wani da ya ja hankali shi ne CRAFITY, wanda masu bincike a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka jagoranta a 2022 don masu karɓar maganin da ke zaburar da garkuwar jiki. Abu biyu kawai yake dubawa: CRP da ya kai miligiram 10 a lita, da AFP, furotin da ƙarin ke fitarwa, da ya kai nanogiram 100 a mililita, kowanne maki ɗaya. A rukunin farko da aka gwada shi, masu sifiri sun haura shekara biyu a matsakaicin lissafi, masu maki 2 kuwa kimanin wata shida. A ganina wannan ya fi sauran tsari, domin AFP furotin ne da ƙarin ke fitarwa, CRP kuma martanin jiki ne, ke nan an ji daga ɓangarori biyu. Da yawa daga sauran haɗe-haɗen kuwa jujjuya lambobi uku ko huɗu ne kawai, kowace tawaga da sunan da ta raɗa.

Ita ma tsokar tana da nata shaidar. A 2013 likitocin tiyata na Jami'ar Kyushu a Japan suka duba majinyata 186 da aka yanke wa ɓangaren hanta, suka tarar kimanin kashi 40 cikin 100 na da zaizayewar tsoka. Bayan shekara biyar, kashi 71 na waɗannan ne ke raye, a kan kusan kashi 84 na masu isasshiyar tsoka. Wani bincike mafi girma daga Jami'ar Tokyo a 2015, kan mutum 1,257, ya ƙara da cewa ba yawan tsoka kaɗai ba, hatta kitsen da ya kutsa cikinta da wanda ya taru a kewayen hanji kowanne na hasashen mutuwa da kansa. A Faris kuma, a 2012, an ga masu ƙarancin tsoka sun fi saurin fuskantar illar sorafenib mai tilasta rage magani ko dakatar da shi. Bincike da dama sun kuma samu cewa masu ƙarancin tsoka kan fi samun hawan CRP da NLR, kuma wanda ya haɗa biyun ya fi wanda ke da ɗaya shiga haɗari.

Abin mamaki, manyan ma'aunan da ake yanke hukunci da su ba sa kallon tsoka. Ma'aunin farko na tsananin ciwon hanta, na Child da Turcotte a 1964, yana da gurbin yanayin gina jikin majinyaci, amma da Pugh ya gyara shi a 1973 sai aka cire wannan gurbin aka sa gwajin daskarewar jini. Tsarin Barselona, wanda tun 1999 ake raba matakan kansar hanta da shi, yana duba girman ƙari da yawansa, aikin hanta, da kuzarin majinyaci yadda likita ya kimanta, ba tare da awon tsoka ba. MELD kuwa, da ake jera masu jiran dashe da shi, yana dogara da kiriyatinin don gane lafiyar ƙoda. To kiriyatinin daga tsoka yake fitowa. Wanda tsokarsa ta zube zai nuna ƙaramar lamba, a zaci ƙodarsa lafiya lau, makinsa ya yi ƙasa, a bar shi a baya a layi. Mata sun daɗe suna cutuwa da wannan, kuma yana cikin dalilan da suka sa Amurka ta koma sabuwar sigar da ta ƙara jinsi da albumin a 2023. Wannan giɓin ne ake fatan alamomin kumburi su cike.

Inda lambobin ke yaudara

Matsalar da ta fi kowacce girma ita ce: gaɓar da ke ƙera abin awon ita ce mara lafiyar. CRP daga hanta yake. Albumin daga hanta yake. Sinadarin da ke umartar ɓargo ya samar da ƙwayoyin daskarar da jini ma daga hanta yake. A kansar huhu ko ta hanji, faɗuwar albumin na iya zama labarin kumburi. A kansar hanta tana iya zama gazawar hantar ce kawai, ko ruwan da ya tsarma jini. Haka kuma hantar da ta lalace ƙwarai ba lallai ta iya ɗaga CRP yadda ya kamata ba, sai a ga lamba mai sanyi a jikin da ke ci da wuta. Idan kuma an ƙara wa majinyaci albumin ta jijiya bayan an zuƙe masa ruwan ciki, lambar washegari ta kwalba ce, ba ta jikinsa ba.

Saifa ma tana da hannu. Idan jini ya rasa hanyar wucewa ta taurarriyar hanta, sai ya koma baya, saifa ta kumbura ta riƙa tsare ƙwayoyin daskarar da jini da fararen ƙwayoyi. A ɗauki mai ƙwayoyin daskarar da jini 80,000 da limfosayit 800. PLR ɗinsa 100 ne, lamba mai kwantar da hankali a takarda. Amma ta fito ne daga ƙananan lambobi biyu, kowacce alamar hanta ce da ta yi nisa. Duk ma'aunin da ke ninkawa da ƙwayoyin daskarar da jini, har da SII, yana iya yin ƙasa daidai lokacin da sirosis ke tsananta. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara da ɗaukar iyakar da aka samo daga masu tiyata, waɗanda galibi hantarsu na da sauran ƙarfi, a ɗora ta a kan masu ruwan ciki.

Sannan ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin tsaminsa ba kullum kansa ba ne. Masu sirosis na saurin kamuwa da cututtuka, musamman ƙwayoyin cuta a ruwan ciki ko a fitsari, kuma sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba. Hawan CRP da nutrofil farat ɗaya a irin wannan majinyaci, abu na farko da ya kamata a nema shi ne cuta mai magani, ba a zauna ana lissafin kwanakin da suka rage ba. Maganin sitiroyid na ɗaga nutrofil ya sauke limfosayit cikin awanni, ya ninka NLR. Aikin toshe jijiyar da ke ciyar da ƙari, wanda ake kira TACE, kan bar zazzaɓi da hawan CRP na kwanaki. Zubar jini daga kumburarrun jijiyoyin maƙoshi ma haka. Ranar da aka ɗebi jinin tana da nauyi daidai da lambar da ta fito.

Akwai wani bambanci da ba a cika ambata ba, kuma ya shafi jama'a masu yawa. Galibin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan gado kan nuna nutrofil ƙasa da na Turawa da mutanen Asiya ba tare da wata cuta ba. Ke nan NLR ɗinsu daga ƙasa yake farawa. Iyakar 5 da aka samo a Amurka ko wadda aka samo a Sin na iya barin wasu masu haɗari su wuce ba a gane su ba. Ga shi kuma yankin Afirka kudu da Sahara na cikin wuraren da kansar hanta ta fi yawa, tana kuma kama mutane da ƙuruciyarsu.

Iyakokin kansu ba su daidaita ba. Wani bincike ya ce 2.5, wani 3, wani 4, wani 5. Dalili kuwa, yawancin masu binciken kan waiwayi tsofaffin fayiloli ne na asibiti guda, su zaɓi lambar da ta fi raba rayayyu da matattu a cikin nasu bayanan. Irin wannan lamba kan yi kyau a gidan da aka haife ta, ta yi rauni a waje. Kuma tafiya tare ba ita ce haddasawa ba. Babban ƙari na kawo kumburi, yana kawo rashin ci, yana kawo kwanciya, dukansu na cin tsoka. Hawan NLR tare da zubewar tsoka bai tabbatar da cewa sauke NLR zai dawo da ita ba. IL-6 kansa yana da fuska biyu: masu bincike a Denmak sun nuna tun wajen 2000 cewa tsoka mai motsa jiki ma tana sakinsa, na ɗan lokaci, kuma wannan sakin yana kwantar da kumburi ne. Wanda ke illa shi ne wanda ya zauna daram ba ya sauka.

Saboda haka, idan tambayar ita ce ko cutar ta yi tsanani, alamomin kumburi suna da abin cewa, a matsayin ƙari a kan matakin ƙari da aikin hanta. Idan kuwa tambayar ita ce ko tsoka ta zube, to rauninsu ya fi yawa, domin babu ɗayansu da ke fitowa daga tsoka. Wanda ya fi kusa shi ne raba kiriyatinin da wani furotin mai suna sistatin C, tunda na farkon ya dogara da tsoka na biyun bai dogara ba. Shi ma sitiroyid da ciwon maƙoƙo da kumburin kansa na iya karkatar da shi.

Gani ya kori ji

Abin da ke ba ni mamaki a wannan muhawara shi ne yadda ake neman inuwar tsoka a jini alhali hotonta na nan a kwamfutar asibiti. Kusan duk wanda aka tabbatar wa kansar hanta an yi masa hoton CT ko MRI na ciki. A yanki guda na wannan hoton, daidai ƙashin ƙugu na uku, ana auna faɗin tsoka a raba da tsayin mutum sau tsayinsa, kuma lambar na wakiltar tsokar jiki gaba ɗaya da kyau. Ruwan ciki ba ya ruɗa wannan awon kamar yadda yake ruɗa sikeli. Babu sabon haske da za a sake harba wa majinyaci. A nan ma iyakoki sun bambanta: ƙungiyar likitocin hanta ta Japan ta sa 42 ga maza da 38 ga mata a 2016, yayin da a Arewacin Amurka ake amfani da 50 da 39 ga masu jiran dashe. Amma aƙalla abin da ake nema shi ake aunawa.

Yawa kuma ba shi ne ƙarfi ba. Masana a Turai, a sabuwar ƙa'idarsu ta 2019, sun sa ƙarfin tsoka a gaba da girmanta. Ƙaramar na'urar da ake matsawa da hannu ta isa: ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace, alamar rauni ne a ma'auninsu, masanan Asiya kuma suka sa 28 da 18. Ko babu na'ura, a sa mutum ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar ba tare da dafa hannu ba. Idan ya haura daƙiƙa 15, akwai magana.

Amfanin gwajin jini na gaske yana tsakanin hoto da hoto. CT ba a yinsa kowane mako, jini kuwa ana ɗiba. Lamba ɗaya ba ta cika faɗin komai ba, amma jerinsu a kan mutum guda na faɗa, kuma kwatanta mutum da kansa yana kawar da matsalar gado da ta iyakokin da aka aro. Majinyacin da CRP da NLR ɗinsa ke hawa a hankali wata bayan wata, an duba babu cuta a ruwan ciki ko fitsari, ba ya shan sitiroyid, ƙarfin hannunsa kuma na raguwa, shi ne wanda ya kamata a sake duba hotonsa, a sake auna irin aikin da jikinsa zai iya ɗauka, a kuma fara gyara tun kafin ranar tiyata.

Gyaran da ake da shi a hannu ba sabo ba ne. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta 2019 ta ba da shawarar aƙalla kalori 35 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo, a lissafa da nauyin da aka cire ruwan ciki. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 72 zuwa 90. Tsohuwar al'adar hana mai ciwon hanta furotin don tsoron ruɗewar ƙwaƙwalwa an bar ta, domin tana ƙara zubar da tsokar da ke share amoniya ne. A rage tazarar da ke tsakanin abinci, a ci wani abu kafin barci. Wani gwaji a ƙasar Niyuzilan a 2008 ya nuna cewa masu sirosis da aka ba ƙarin abinci da dare sun samu kwatankwacin kilo biyu na tsoka cikin shekara, waɗanda aka ba irinsa da rana kuwa ba su samu haka ba. Motsa jiki mai ɗan nauyi yana taimakawa, bayan likita ya tabbatar an kula da jijiyoyin maƙoshi masu barazanar fashewa.

Wanda ya ga hawan CRP a takardarsa kada ya nemi sauke shi da magungunan kashe zafi irin su ibuprofen ko diclofenac. A mai sirosis suna iya durƙusar da ƙoda su kuma jawo zubar jini. Magungunan da ke tunkarar ramar kansa kai tsaye suna tafe: Japan ta amince da anamorelin a 2021, sannan gwajin ponsegromab, mai toshe sinadarin GDF-15 da ke kashe sha'awar abinci, ya nuna ƙarin nauyi a 2024. Sai dai amincewar Japan ta shafi kansar huhu da tumbi da hanji da ta saifar sukari (gaɓar da ke samar da insulin) ne, gwajin 2024 kuma an yi shi kan masu kansar huhu da hanji da saifar sukari. Masu kansar hanta ba sa cikin ko ɗaya.